Dajin da ke tace wa New York ruwa

Da na zo New York, na yi kusan shekara ina sayen ruwan roba, domin a ganina ba yadda za a yi ruwan famfo na birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 8 ya shawu. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta gan ni ina kinkimo shi zuwa bene, ta ce, "Ɗan nan, kuɗinka kake zubarwa." Ashe gaskiyarta ce.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan birnin daga tsaunukan Catskill da yankin kogin Delaware yake gangarowa, tafiyar sama da mil 100, kuma ba ya bi ta matatar ruwa. Ana kashe masa ƙwayoyin cuta, amma aikin tacewa na daji ne da ƙasa da saiwoyin itatuwa. A shekarun 1990 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba birnin zaɓi: ko ya gina matata, ko ya nuna cewa zai iya tsare tushen ruwan. Aka buga lissafi, matata za ta ci dala biliyan 6 ko fiye, ban da kuɗin gudanar da ita duk shekara. Sai a 1997 birnin ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan yankin. Ya riƙa sayen filaye daga masu son sayarwa, ya gyara hanyoyin ƙazantar gidaje, ya biya manoma don su nisanta shanu da taki daga bakin rafi. Abin da aka kashe bai ko kusa da kuɗin matatar ba.

Ni kuwa na tashi ne da tunanin cewa daji fili ne da bai samu mai gyara shi ba, itace kuma sai an sare shi yake zama kuɗi. Kada a ɗauka mutanen nan sun fi mu son itatuwa. Birni ne da ake sayar da ko iskar da ke saman gini. Bambancin kawai shi ne sun shigar da dajin cikin littafin kuɗi, suka ga ma'aikaci ne da ba ya karɓar albashi, kuma korarsa ta fi riƙe shi tsada.

Inda ba a yi wannan lissafin ba, tafkin Aral na tsakiyar Asiya ya ishe mu misali. Tun shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya, waɗanda ke zuba cikinsa, zuwa gonakin auduga. Audugar tana da farashi, an rubuta ta a matsayin riba. Tafkin, wanda a lokacin shi ne na huɗu a girma a duniya, ba wanda ya rubuta shi, har mafi yawansa ya ƙafe. Yau jiragen kamun kifi na Moynak a Uzbekistan suna zaune kan rairayi sun yi tsatsa.

Abin da na fi riƙewa a labarin Catskill shi ne biyan manoman. Kosta Rika ma tun 1997 take biyan masu filaye daga harajin man fetur don su bar dajinsu a tsaye, kuma yanzu daji ya rufe fiye da rabin ƙasar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ke zaune bakin daji da iyali a wuyansa, wa'azi kaɗai ba zai sa ya ajiye gatari ba.

Ban ce komai yana da farashi ba. Ƙauyukan da aka nutsar don gina madatsun Ashokan da Pepacton masu tara wa New York ruwa, ba diyyar da ta mayar wa mutanensu gida, kuma har yau akwai masu jin haushin birnin a can.

Sauran kashi 10 na ruwanmu daga yankin Croton yake zuwa, inda gidaje da tituna suka riga suka cinye wani ɓangare na dajin. Shi kam dole aka gina masa matata a ƙarƙashin ƙasa a unguwar Bronx. An buɗe ta a 2015, ta lashe sama da dala biliyan 3, kuma a cikin kuɗin ruwanmu ake biya.