"A ina kika koya?"

Wannan tambaya ta kashe aure da yawa a Zamfara ba tare da an je gaban alƙali ba. Mace ta yi ta maza, ta danne kunyar da aka raine ta da ita, ta matso jikin mijinta tun bai neme ta ba, sai ya ja baya ya ce a ina kika koya. Ko da wasa ya faɗa, shi ke nan, ba za ta ƙara ba har tsufa. Bayan 'yan shekaru shi ne a majalisa yana ƙorafin uwargida ta zama kamar icce, yana shirin ƙaro wata.

Ku dubi yadda ake rainonmu. Tun yarinya tana Islamiyya abin da take ji shi ne rufe jiki, sunkuyar da kai. Madalla. Ranar kai ta ɗaki kuma gwaggo da inna su zaunar da ita: yi na yi, bari na bari, haƙuri, girki, tsabta. Zancen shimfiɗa sai a bar wa mai dilka da mai hakin maye. A sha tsumi, a ci gumba da kazar amarya, a yi turaren tsugunno, kuɗi su tafi. Mu da Sakkwatawa har suna muka yi a wannan sana'a. Amma ba tsumin da zai sa matar da ke tsoron a kira ta 'yar duniya ta kama hannun mijinta. Wasu haɗe-haɗen ma ko lambar NAFDAC ba su da ita, na matsin da ake cusawa kuwa ƙaiƙayi da ciwon sanyi yake bar wa mata da yawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a jingina wannan nauyin baki ga addini. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Da Jabir ya yi aure, Annabi (SAW) ya yi masa zancen matar da zai yi wasa da ita, ita ma ta yi wasa da shi. Ita ma, ku lura. Ibn Abbas ya ce yana son yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa, ya kafa hujja da aya ta 228 a Suratul Baƙara. To malam, ka dawo daga kasuwar Gusau cikin zafin Afrilu, ba wanka ba asuwaki, kana jiran a tarbe ka da ƙamshi?

Su ma mazan akwai masu ɓoyayyen tsoro. Ciwon suga da hawan jini suna rage ƙarfin namiji, sai ya riƙa daɗewa a waje har ta yi barci, ko ya sayi ƙwaya a tasha, ita kuwa tana can tana zargin wata ce ta ɗauke masa hankali. Likita ake gani kan wannan, kuma akwai su a asibitin gwamnatin tarayya da ke Gusau. Haka mai shayarwa, bushewar gaba da gajiya ba ƙiyayya ba ce.

'Yar uwa, ba sai kin fara da babba ba, kuma ba sai dare ba. Tura masa saƙo da rana. Zauna kusa da shi yana cin abinci. Yaran da suka yi wayo a raba musu ɗaki. Idan gidan akwai abokiyar zama, ranar girkinki taki ce, kada ki ɓata ta da ƙorafin kuɗin cefane.

Kai kuma maigida, ranar da ta gwada, ko ta yi shirme, ko dariya ta kama ku, ka karɓa da sakin fuska. In ka gaji da gaske, ka riƙe hannunta ka ce mata yau na gaji, gobe in Allah ya kai mu. Goben kuma kai za ka fara nemanta.