Shell ya naɗe tabarma a Neja Delta, wa zai wanke dagwalon da ya bari?

A ƙauyen Otuabagi da ke ƙaramar hukumar Ogbia ta jihar Bayelsa akwai wani kan famfon ƙarfe da tsatsa ta ci, ciyawa ta kewaye shi. Ita ce rijiyar Oloibiri ta farko, inda kamfanin Shell ya dace da ɗanyen mai a watan Janairun 1956, bayan kusan shekara 20 yana nema da lasisin da Turawan mulkin mallaka suka ba shi. A 1958 aka fara lodin man zuwa ƙasashen waje, ganga 5,100 a rana. Cikin shekara 20 rijiyoyin wurin suka ƙafe, kamfani ya kwashe kayansa ya yi gaba, mutanen gari suka ci gaba da zama da ƙarfen nan a bayan gidajensu.

Abin da ya faru da ƙauye ɗaya a wancan lokacin shi ne yake neman faruwa da yanki guda yanzu. A watan Maris na 2025 Shell ya kammala sayar da reshensa na kan tudu da bakin ruwa, wato SPDC, ga gamayyar kamfanonin Renaissance, a cinikin da aka ce zai iya kai dala biliyan 2.4. Bai bar Najeriya ba: yana nan a filin Bonga can cikin teku, yana kuma da kasonsa a kamfanin iskar gas na Bonny. Abin da ya rabu da shi shi ne tsofaffin bututu, da fadamun da mai ya jiƙe, da ƙauyukan da ke binsa bashi. Ra'ayina shi ne bai kamata gwamnati ta sa hannu a wannan ciniki ba sai an ƙiyasta ɓarnar, an ajiye kuɗin gyaranta a inda kowa zai gani. Tun da an riga an sa, to ba a makara ba wajen bin bashin.

Wanda yake ganin ana kambama maganar, ya dubi binciken da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Agustan 2011 kan ƙasar Ogoni. A unguwar Nsisioken da ke Ogale, masu binciken sun tarar da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, a rijiyoyin da jama'a ke sha, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Sun ga man da kaurinsa ya kai santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da wannan ruwan uwa take dama wa ɗanta koko, da shi ake wa jariri wanka. Rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma a fara da dala biliyan 1. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin, wanda hukumar HYPREP ke gudanarwa, kuma har yau ana ta ƙorafi kan tafiyar hawainiyarsa da ingancin 'yan kwangilarsa. A tuna fa, Ogoni ƙananan hukumomi huɗu ne kacal. A Bayelsa, kwamitin da tsohon Babban Bishop na York, John Sentamu, ya jagoranta ya ce a 2023 ana buƙatar dala biliyan 12 don gyara jihar.

Mutanen yankin ba shiru suka yi ba. A 1990 ƙungiyar kare haƙƙin Ogoni ta MOSOP ta fitar da takardar buƙatunsu, ranar 4 ga Janairun 1993 kuma mutum kimanin 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, a shekarar Shell ya daina haƙo mai a ƙasarsu. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye jagoran MOSOP, marubuci Ken Saro-Wiwa, da mutum takwas a Fatakwal, bayan shari'ar da duniya ta yi tir da ita, har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Na san wannan magana ba ta yi wa wasu daga cikinmu daɗi, amma haka ta faru. Shell ya musanta hannu a ciki, ya dai biya iyalan dala miliyan 15.5 a 2009 don rufe ƙarar da suka shigar a Amurka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda talakan Neja Delta yake zuwa neman haƙƙinsa. A 2008 bututu ya fashe sau biyu a Bodo, mai ya yi makonni yana tsiyaya cikin rafukan da masunta ke ci da iyalinsu. Kifi ya mutu, itatuwan fadama suka ƙone. Sai da suka kai ƙara Landan kafin a 2015 kamfani ya yarda ya biya fam miliyan 55, masunta 15,600 kowa ya tashi da kusan naira 600,000. Manoma huɗu daga Oruma da Goi da Ikot Ada Udo kuwa Holan suka nufa a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ba ta yanke hukunci ba sai a Janairun 2021, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya kafin a amince da biyan yuro miliyan 15. Ko wannan doguwar hanyar, da take cinye rabin rayuwar mutum, ta samu ne saboda uwar kamfanin tana Turai. Idan gobe bututun Renaissance ya fashe, wace kotun Landan ce za ta saurari masuncin Bodo?

Shell yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Yana cewa mafi yawan malalar daga ɓarayin mai ne da masu fasa bututu. Wanda ya zauna a Fatakwal daga 2016 zuwa 'yan shekarun baya ya san gaskiyar haka. Na taɓa kwana a Diobu wajen wani ɗan'uwa mai sayar da albasa. Da asuba ya shafa tafin hannunsa a kan tabarmar da muka yi salla, ya nuna mini, baƙi ƙirin kamar ya taɓa gindin tukunya. Ya ce kullum haka suke tashi, har majinar yara baƙa ce. Akasarin wannan hayaƙin daga haramtattun matatun daji yake, waɗanda suke kira kpofire. To amma dokar ƙasa ta ɗora wa mai bututu alhakin share malala ko wane ne ya jawo ta; diyya ce kawai ba ya biya idan an tabbatar fasawa aka yi. Wa kuma yake tabbatarwa? Tawagar bincike ce da jami'an NOSDRA, hukumar sa ido kan malalar mai, ke shiga, galibi a jirgin ruwan kamfanin da ake tuhuma. Mai laifi ne yake kai alƙali wurin da aka yi ɓarna. Ga shi kuma tun 1984 doka ta hana ƙona iskar gas ba da izini ba, amma har yau akwai ƙauyukan da dare ba ya yi musu duhu saboda harshen wuta, mata suna shanya rogo a gefenta don ya yi saurin bushewa.

A nan ne maganar ta dawo gida. A haɗin gwiwar da Shell ya gudanar har zuwa cinikin 2025, kashi 30 ne nasa, 10 na Total, 5 na Agip, sauran 55 na NNPC, wato na gwamnatin Najeriya. Babban mai kaso a ribar shi ne babban mai kaso a dagwalon. Kuɗin nan kuma su ake rabawa duk wata a Abuja, da su ake biyan albashin malamin firamare a Gumel da ma'aikaciyar jinya a Argungu. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shi ya sa nake jin nauyi idan na ji ɗan Arewa yana cewa ai an ba jihohin mai kashi 13 na kuɗin man, me kuma suke nema? Kashi 13 yana shiga asusun gwamnoninsu, kuma haƙƙin jama'arsu ne su tuhume su a kai. Amma ba kuɗin wanke rijiyar Ogale ba ne, ba kuma ya sauke nauyin da ke kan wanda ya gurɓata ta.

Dokar man fetur ta 2021 ta tanadi asusun rufe tsofaffin rijiyoyi da na gyaran muhalli. Hukumar kula da haƙar mai ta NUPRC da kanta ta fara ƙin amincewa da cinikin a Oktoban 2024, sai ga shi an amince bayan wata biyu. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai, na Arewa kafin na Kudu, su kira hukumar ta faɗa a bainar jama'a abin da ya canza cikin wata biyun nan, nawa Shell ya ajiye, a wane asusu, wa kuma zai biya idan kuɗin suka gaza.

Mu ma muna da dalilin son jin amsar. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta murna. Manoman Alkaleri da makiyayan da ke shayar da shanu a can ba su da rafuka birjik irin na Bodo. Rijiya ɗaya ce ko biyu gari yake sha. Kafin a ɗora gangar farko a mota, ya kamata a auna ruwan kowace rijiya a yankin, a rubuta sakamakon, a ba dagaci da mai unguwa kwafinsu su ajiye.