A ɗakin haihuwa ake auna tasirin bincike

Wannan jerin sunayen da ake ta yaɗawa tun jiya, wai na masanan da suka fi kowa tasiri a fannin lafiyar mata da ƙananan yara, ya ɓata min rai matuƙa. Ku duba ma'aunin da aka bi: sau nawa wasu masana suka ambaci takardar mutum a cikin tasu takardar. Iyakarsa ke nan. Ba wanda ya tambayi mata nawa ne suka sauka lafiya albarkacin aikin.

Ni fa ba na gaba da bincike, hasali ma saboda darajarsa nake magana. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, kwalara tana ta kwasar mutane, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Dokta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ruwa, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Daga baya ma'aikatan ƙungiyar BRAC suka bi gida-gida a Bangaladash suna koya wa iyaye mata haɗin. Wannan shi ne tasiri. Uwar da ta ceci ɗanta daga gudawa ba ta taɓa ambaton kowa a mujalla ba.

Ko ku ɗauki zubar jini bayan haihuwa, wanda yake kan gaba wajen kashe masu jego. Shekara da shekaru da ido ake ƙiyasta jinin, kafin a farga mace ta galabaita. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya kan mata sama da 200,000, ya zo da leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa. Jinin yana taruwa a aljihunta, ungozoma tana kallon layin. Da ya kai inda ake tsoro, sai a haɗa komai lokaci guda: a murza mahaifa, a yi allurar oxytocin da tranexamic acid, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin yake fitowa. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. To ranar da ledar nan ta isa hannun ungozomar da take aikin dare ita kaɗai, ranar ce binciken ya yi tasiri, ko an ambace shi sau dubu ko ba a ambace shi ba.

Na san za a ce yawan ambato alama ce ta inganci. Na ji. Amma tun 2002 binciken Magpie, mai mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya tabbatar cewa magnesium sulphate yana rage haɗarin jijjigar masu ciki da fiye da rabi. Magani ne mai arha, an ambaci takardar har an gaji. Yau sama da shekara ashirin, har yanzu akwai ɗakunan haihuwar da mace za ta kama jijjiga a buɗe kabad a tarar babu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 260,000 ne suka rasu a 2023 sanadin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara. Mafi yawansu abin da ya kashe su an daɗe da sanin maganinsa. Wane lissafin ambato ne zai share hawayen marayun da suka bari?

Laifin kuma ba na masanan kaɗai ba ne. Jami'a tana ƙara wa malami girma idan ya wallafa, ba ta tambayarsa ko ya koma asibitin da ya ɗebo bayanai ya faɗa musu abin da ya gano.

Wani abin da yake ƙona min rai ma shi ne kuɗin karanta mujallun. Ungozoma ta cika fom, ta auna jini, ta bi mai jego har gida, a wallafa sakamakon, sunanta ba ya ciki, sannan idan ta buɗe shafin mujallar a wayarta a ce sai ta biya kafin ta karanta. Don Allah masu damar shiga waɗannan mujallu, ku riƙa taƙaita mana abin da ke ciki da harshen da za mu gane.