Kanwar da ake gasawa a Shikago

Shekaranjiya da daddare wani ƙanena ya turo mini bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, zo ka ga ikon Allah, mutanen Fir'auna sun dawo." Wata mata ce a ɗakinta a Amurka, sanye da fararen kaya, tana tsaye gaban ɗan tebur da ta jera wa kyandir da kaskon turare da ƙoƙon ruwa da ɗan gunkin mage. Ta barbaɗa wani farin gari a ruwan, ta kurkure baki, ta shafa a jiki, sannan ta ɗaga hannaye tana cewa "Dua Netjer", wato yabo ga abin bauta. Shi ƙanena dariya abin ya ba shi. Ni kuwa garin nan ne ya tsaya mini a rai, don na gane shi. Kanwa ce, ko in ce kwaikwayon kanwa.

Tsoffin Misirawa ba sa shiga ɗakin bauta sai sun yi tsarki da kanwa. Daga Wadi Natrun suke haƙo ta, wani kwari a hamada tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. Da ita suke wanke baki, da ita kuma suke busar da gawar sarakunansu kafin a naɗe ta. Irin wadda iyayenmu ke jefawa a miyar kuka ce, wadda fatake ke kawowa daga yankin Tafkin Chadi. To masu raya wannan addini a yau ba su da Wadi Natrun, sai su haɗa gishiri da bekin soda, su kwaɓa, su gasa a murhun lantarki har ya bushe, su daka. Duk abin da zan faɗa a rubutun nan yana cikin wannan ƙoƙon.

Kafin wani ya rigaye ni a wurin sharhi: ni Musulmi ne, matsayina kan bautar wanin Allah ba ɓoyayye ba ne, kuma ba wa'azi na zo yi ba, akwai waɗanda suka fi ni iyawa. Tambayata daban ce. Shin abin da mutanen nan ke yi, addinin tsohuwar Masar ne kamar yadda suke faɗa? Ni a ganina a'a. Sabon addini ne da aka haifa a Amurka da Turai, aka ɗinka masa riga da tsofaffin ƙyallayen Masar.

Suna kiran abin da sunan Kemet, tsohon sunan Masar, ma'ana baƙar ƙasa, saboda baƙin laka da ambaliyar Nilu ke bari a gonaki. Ba ƙungiya ɗaya ba ce. Akwai Ausar Auset Society da Ra Un Nefer Amen, haifaffen Panama, ya kafa a Niyok a 1973, mabiyanta baƙar fata ne, sun fi ba da ƙarfi kan tarbiyyar zuciya da kiyaye abinci. Akwai Fellowship of Isis, mai ɗauke da sunan gunkiyar Masar Isis, da aka kafa a 1976 a wani tsohon gidan sarauta a ƙasar Ailan. Sai Kemetic Orthodoxy ta Tamara Siuda, wadda ta faro a Shikago a 1988, ita ce ta fi ƙoƙarin bin tsofaffin rubuce-rubuce sau da ƙafa. Mabiyan wannan ta ƙarshen suna da ibadar kullum da suke kira Senut, suna gaisawa da "Em hotep", wato cikin aminci, suna cewa Netjer ɗaya ne mai sunaye da yawa. A 1996 Siuda ta ɗauki laƙabin Nisut, laƙabin da sarakunan Masar ke ɗauka, kodayake mabiyanta sun ce sarautar ruhi ce, ba ta mulkin ƙasa ba. Mafi yawan harkarsu a intanet take.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mu da muka tashi a zaure mun san darajar isnadi. Ba a ɗaukar karatu sai daga bakin malami, shi ma daga bakin nasa malamin, har a tuƙe. Wanda ya ce littafi ne shehinsa, kallon tausayi ake masa. To addinin Masar isnadinsa ya yanke, yankewa ta har abada. Rubutu na ƙarshe da aka sani da haruffan zane na Misirawa yana jikin bango a tsibirin Fila, kusa da Aswan, wani mai hidimar ɗakin bauta mai suna Esmet-Akhom ne ya sassaƙa shi ranar 24 ga Agusta, shekara ta 394. Wajen shekara ta 537 sarkin Rum Justiniyan ya sa aka rufe ɗakin bautar Fila ɗin. Ku lura da lissafin nan, don akwai masu cewa Musulunci ne ya kashe addinin Fir'auna: Amru ɗan Asi bai shiga Masar ba sai ƙarshen 639, ya tarar da ƙasar Kiristoci. Daga 394 har zuwa 1822, lokacin da Bafaranshe Shamfoliyon ya warware sirrin rubutun da taimakon dutsen Rashid, wani dutse mai ɗauke da saƙo ɗaya da rubutun Misirawa da na Girkanci, sama da shekara 1,400 ke nan ba wanda ke iya karanta bangon nan yadda ya kamata. Saboda haka duk wanda ya ce maka yau yana bauta irin ta Misirawa, tambaye shi daga wa ya karɓa. In ya yi gaskiya zai ce daga fassarar wani farfesa na Landan ko Balin ko Shikago. Shehunnansu ke nan, kuma yawancinsu ba su yi imani da ko kalma ɗaya daga abin da suka fassara ba.

Abin bai tsaya nan ba. Misirawa ba sa rubuta wasula, baƙaƙe zalla suke zanawa, kamar Larabcin da ba a yi wa wasali ba, sai dai shi wannan babu sauran mai jin harshen da zai gyara maka. Masana ne suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, suke cusa wasalin "e" tsakanin baƙaƙe don harshe ya samu abin kamawa. Kalmar "Netjer" kanta haka aka samo furucinta. Ga shi kuma a wancan addinin suna ba abin wasa ba ne, sun ɗauka cewa ƙarfin addu'a, abin da suke kira heka, yana cikin furta kalma daidai. Ka ga mai bauta yana kiran abin bautarsa da lafazin da wani Bature ya ƙirƙira don sauƙin koyarwa a aji.

Sannan shi addinin can ba na ɗaka ba ne, na gwamnati ne. A ƙa'ida sarki kaɗai ke miƙa hadaya, sauran masu hidima wakilansa ne, shi ya sa duk bangon da ka duba sarki za ka gani gaban gunki. Kowace safiya a buɗe ƙofar ɗakin gunki, a wanke shi, a sauya masa tufafi, a yi masa turare, a ajiye masa gurasa da giya da nama, daga baya ma'aikata su raba abincin, shi ne albashinsu. Wata doguwar takarda daga zamanin Ramsis na Uku ta lissafa dukiyar ɗakin bautar Amun, babban gunkinsu: mutane sama da 80,000, dabbobi sama da 400,000, ga gonaki da jiragen ruwa da garuruwa. Wannan ai ma'aikata ce mai rumbuna da akawu da haraji. Talaka ma ba ya shiga can ciki, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi roƙonsa, sai ranar biki ya hangi akwatin gunki a kafaɗar masu ɗauka. Gaskiya talakawan suna da 'yan gumakansu na gida, irin su Bes da Taweret masu tsaron mai jego da jariri, kuma da masu raya addinin za su ce wannan ɓangaren suke bi, da na rage musu. Amma addu'o'in da suke karantawa yawanci na manyan ɗakunan bauta ne da kaburburan masu hali.

Ga kuma kogi. Sabuwar shekararsu, Wep Ronpet, tana ɗaure da fitowar tauraron Shi'ira da asuba, wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratun Najmi, don fitowarsa ke zuwa dab da cikowar Nilu. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, ambaliyar nan ta daina isa gonakin Masar. Yau mutum na zaune a garin da ƙanƙara ke zuba, yana duba manhaja a waya don sanin ranar da Shi'ira zai fito a garinsa, ya yi bikin ruwan da ko a Masar ɗin ya daina zuwa.

Duk da haka ba zan yi musu dariyar ƙanena ba, musamman baƙaƙen Amurka. Mutumin da aka raba kakansa da harshensa da sunansa da garinsu, aka shekara ɗaruruwa ana faɗa masa a makaranta da coci cewa jinsinsa bai taɓa gina komai ba, in ya ga dalar Masar ya ga cewa a Afirka take, dole zuciyarsa ta motsa. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Shaihun malami Cheikh Anta Diop na Sanagal ya ƙare rayuwarsa yana kare cewa Masar ta Afirka ce, har ya kai maganar taron UNESCO a Alƙahira a 1974, kuma ko waɗanda ba su yarda da duk hujjojinsa ba sun san ya tilasta wa Turawa sake lale. Mu kanmu Hausawa muna da 'yar alaƙa ta gaskiya: masana harshe sun sa Hausa da tsohon harshen Masar da Larabci a babban gida ɗaya, shi ya sa "mutu" tamu take kama da "mwt" tasu da "maut" ta Larabawa. Dangantaka ce mai nisan dubban shekaru, ba ta mai da kowa jikan Fir'auna.

Kuma akwai abin da ya burge ni a abin da suka tono, wato Ma'at: gaskiya, adalci, daidaiton al'amura. A aƙidarsu ana ɗora zuciyar mamaci a sikeli, a ɗaya gefen a sa gashin tsuntsu, shi kuma ya tsaya gaban alƙalai 42 yana wanke kansa. Ku ji irin abin da yake faɗa: ban tauye mudu ba, ban taɓa ma'auni ba, ban ci iyakar gona ba, ban tare ruwa a lokacinsa ba, ban ƙwace nono daga bakin jariri ba. Na karanta wannan na tuna kasuwar hatsi, na tuna Suratul Muɗaffifin. Sai dai ku dubi laifuffukan da kyau, na manoma ne masu rabon ruwan kogi ɗaya. Mai zama a bene na goma sha biyu, wace iyakar gona zai ci?

Abin da ya fi damuna shi ne tsallaken da ake yi. Kakannin baƙaƙen Amurka ba daga bakin Nilu aka kwashe su ba. Daga Sanagambiya ne, da gaɓar Gana, da ƙasar Ibo, da Kwango da Angola. Cikinsu akwai masu salla da karatu, irin Umar ɗan Sa'idu na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa. A Bahiya ta Barazil Hausawa bayi sun shirya tawaye tun 1807. Duk an tsallake waɗannan an tafi wurin Fir'auna. Me ya sa? Ni dai zargina shi ne don Masar ce kaɗai Bature ya riga ya buga wa hatimin wayewa, ya gina mata zaure a gidajen tarihinsa. Wato ko a wurin guje wa ma'aunin Bature, da ma'auninsa aka zaɓi wurin gudu. Kada mu yi saurin nuna yatsa, mu ma gwanaye ne: Bayajidda daga Bagadaza, Saifawan Borno daga Yaman, Kisra a Borgu. Kowa so yake a ce kakansa daga gabas ya ɓullo, ba wanda ke son tsayawa a gindin Dala wurin Barbushe.

Su kuma masu ƙasar fa? Nan ma akwai kallo. A Afrilun 2021 gwamnatin Masar ta kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 daga gidan tarihi na Tahrir zuwa sabon gida a Fusɗaɗ, da faretin da duniya ta kalla, har aka rera waƙar yabon Isis da tsohon harshe. Amma a katin ɗan ƙasa addini uku kawai ake rubutawa: Musulunci, Kiristanci, Yahudanci. Gumakan na yawon buɗe ido ne da alfaharin ƙasa. Kuma suna da kishin abin ƙwarai. A 2023 wani gidan tarihi a Laidin ta ƙasar Holan ya yi baje koli mai suna Kemet kan yadda mawaƙa baƙar fata ke ɗaukar Masar, hukumomin Masar suka fusata, suka hana masanan gidan ci gaba da haƙa a Saƙƙara, inda suke aiki tun 1975. A ganina Misirawan sun wuce gona da iri a nan, kuma akwai ƙyamar baƙar fata a wasu maganganun da aka yi ta yaɗawa lokacin. Amma su ma masu Kemet ɗin da yawansu Masar suke so ba tare da Misirawa ba, kamar miliyoyin mutanen da ke zaune a bakin Nilu baƙi ne da suka tare a gidan wani.

Alhali in akwai sauran abin da bai yanke ba, a hannun waɗannan mutanen yake. Tsohon harshen bai mutu gaba ɗaya ba, ya zama Ƙibɗanci, ana addu'a da shi a cocin Ƙibɗawa har gobe, da shi ma Shamfoliyon ya samu bakin zaren. Manomin Sa'id, wato kudancin Masar, Musulmi ne ko Kirista, da watannin Tut da Baba da Hatur yake lissafin shuka da girbi, kuma Tut da Hatur sunayen gumakan Thoth da Hathor ne da baki ya lanƙwasa. A Luksor akwai masallacin Shehu Abul Hajjaj, an gina shi a kan tsohon ɗakin bauta tun yana binne cikin ƙasa, shi ya sa da aka kwashe ƙasar tsohuwar ƙofarsa ta koma can sama tana reto. Kowane watan Sha'aban ana maulidinsa, a ɗora jiragen ruwa a kan amalanke a zaga gari da su, yara sun cika ciki suna ihu. A wannan garin ne, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, ake ɗauko jirgin Amun daga Karnak zuwa Luksor a bikin Opet. Masana da yawa na ganin wancan ne ya rikiɗe ya zama wannan. In ka tambayi mai jan amalanken kuwa, ce maka zai yi jirgin Shehu ne, ya nemi ka matsa ka ba shi hanya.