Rabin aya da ta kusa kashe Inna

Inna, wata dattijuwa da muke zama benci ɗaya a majami'a nan Damagaram, ta ajiye maganinta na hawan jini har wata biyu. Wani mai wa'azi ta saurara a WhatsApp, ya ce wanda ya ba da gaskiya ba ruwansa da ƙwaya. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi, a kabo-kabo na bi su asibiti. Da ta farfaɗo ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, bangaskiyata ce ba ta kai ba?" Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba ƙarya aka karanta mata ba. Matiyu 7:7 tana nan, ta ce a roƙa za a bayar. Amma rabi aka miƙa mata, aka rufe sauran. Manzo Bulus ya faɗa da bakinsa a 2 Korintiyawa sura 12 cewa sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa wata ƙaya a jiki, ba a cire ba, aka ce masa alherin Allah ya ishe shi. Wa zai ce bangaskiyar Bulus ba ta kai ba? Luka, abokin tafiyarsa, likita ne. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), wadda ta sauka nan Damagaram a 1924, su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Da addu'a ta soke magani, da ba su wahalar da kansu ba.

Haka ake yi wa Irmiya 29:11, ayar da ke zancen shirin alheri da kyakkyawan ƙarshe. Matasanmu sun haddace ta, musamman masu takarda a hannu ba aiki. Kaɗan ne suka ɗaga ido zuwa aya ta 10. Wasiƙa ce aka aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila, ana gaya musu sai shekara 70 ta cika kafin a komo da su, kafin nan su gina gidaje, su dasa gonaki. Yawancin waɗanda suka saurari wasiƙar can aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma ba na ƙarshen wata ba ne. Yaron da ya zuba jika goma a baikon majami'a yana jiran ninki ɗari kafin damina, ranar da shiru ta yi yawa ba mai wa'azin zai tuhuma ba. Kansa zai tuhuma, ko Allah.

Na san abin da za a ce mini: talaka na cikin ƙunci, a bar shi da abin da zai sa rai a kai. Ina jin nauyin wannan magana, garin da ko ruwan sha sai an bi mai garuwa. To amma mu Kiristocin Damagaram mun ga 16 ga Janairun 2015, ranar da aka cinna wa majami'u wuta. Wanda aka koya wa cewa ba abin da zai taɓa mai bi, me za a gaya masa a gaban toka? Abin da ya riƙe mutane shi ne Yohanna 16:33, inda Yesu ya faɗa tun da wuri cewa a duniya za a sha wahala, amma a yi ƙarfin hali.

Roƙona ga fastocinmu da dattawan ikilisiya ne. Littafi Mai Tsarki yana cikin Hausa cikakke tun 1932, ba mu da hujjar ciyar da jama'a da gutsure. A karanta sura daga farko har ƙarshe ranar Lahadi, ko da za a daɗe. A kuma tambayi tsofaffi me suke saurara a waya.

Inna ta koma shan maganinta. Har yanzu takan ɓoye kwalbar cikin zane in ta ji sallamar baƙo daga majami'a.