Kakakin hukumar wasanni ba maroƙi ba ne

Da safiyar Litinin 14 ga Oktoban 2024 na tarar da teburin mai shayin unguwarmu ya cika maƙil, amma babu mai kula da kofinsa. Waya ɗaya ce ke yawo daga hannu zuwa hannu. A cikinta hotunan 'yan wasan Super Eagles ne, sun miƙe a kan kujerun ɗakin jira na filin jirgin Al Abraq da ke Libiya, fuskoki duk a yamutse da gajiya. Wani dattijo da bai taɓa damuwa da ƙwallo ba ya karɓi wayar, ya gyara gilashi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yanzu waɗannan 'ya'yan namu ne aka wulaƙanta haka?"

Jirgin da ya ɗauke su Bengazi ya nufa, inda za su buga wasan neman gurbin gasar cin kofin Afirka ranar Talata. Ana dab da sauka aka karkatar da shi zuwa Al Abraq, mai nisan fiye da kilomita 200 daga inda aka nufa, aka bar su a can sama da awa 15 ba abinci ba wurin kwana. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne bakin da labarin ya fito. Kyaftin ɗin ƙungiyar, William Troost-Ekong, shi ne ya riƙa wallafa halin da suke ciki a shafinsa na X tun cikin dare, da hotuna da bayanin awannin da suka shafe, har zuwa lokacin da ya sanar cewa 'yan wasa sun yanke shawarar ba za su buga wasan ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta fitar da nata bayanin, kuma bai saɓa da na 'yan wasan ba. Kafin jirginsu ya sauka a Kano a wannan Litinin ɗin, duniya ta riga ta gama yanke hukunci a zuciyarta. Ranar 26 ga watan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba Najeriya maki uku da ci 3-0, ta kuma ci Libiya tarar dala 50,000.

Su ma 'yan Libiya suna da nasu ƙorafin. Sun ce an wahalar da su a kan hanyarsu ta zuwa Uyo kwanaki kaɗan kafin nan, NFF kuma ta ce su ne suka zaɓi sauka a Fatakwal ba tare da sanar da ita a kan kari ba. Ko ma wane ne mai gaskiya a wancan, kukan nasu bai yi nisa ba.

Mutane da yawa sun yaba wa NFF a kan yadda ta tafiyar da wannan rikici, ni ma ban hana ta yabon ba. Sai dai a gaskiya jarrabawa ce mai sauƙi. Mu aka zalunta, hujja tana hannu, kuma babu abin da hukuma ke son ɓoyewa. Inda ake gane ƙwarewar hukuma wajen magana da jama'a shi ne ranar da laifin nata ne. A nan kuwa tarihin hukumomin wasanninmu abin kunya ne.

Mako bakwai kacal kafin abin da ya faru a Libiya, ranar 27 ga Agustan 2024, NFF ta sanar da duniya cewa ta naɗa Bajamushe Bruno Labbadia kocin Super Eagles, kuma naɗin ya fara aiki nan take. Gidajen rediyo suka ɗauka. Aka zauna ana baje tarihinsa, Stuttgart, Hamburg, Wolfsburg, Hertha Berlin, ana muhawara a gidajen kallon ƙwallo ko ya dace ko bai dace ba. Kwana uku bayan nan sai ga wata sanarwar: magana ta rushe, wai dokar harajin Jamus ce ta kawo cikas, domin abin da za a ɗora wa hukumar a kan albashinsa ya fi ƙarfinta. Augustine Eguavoen aka miƙa wa ƙungiyar ya jagorance ta a wasannin Benin da Ruwanda.

To, ita dokar harajin a cikin kwana ukun nan aka kafa ta? Ba a san da ita ba ranar da ake rubuta sanarwar farko? Abin da ya faru a fili yake: an yi shelar ɗaurin aure kafin a yanka sadaki. Kuma ba wannan ne karon farko ba. A Yulin 2016 haka aka sanar da Bafaranshe Paul Le Guen, mutumin ya ce bai amince da sharuɗɗan ba, sai a watan da ya biyo baya aka ɗauko Gernot Rohr. Shekara takwas tsakani, kuskure iri ɗaya sak. Ba jami'in yaɗa labarai ne ya ɓata cinikin ba, na sani. Amma da a ce muryarsa tana da nauyi a ɗakin da ake yanke shawara, tambaya ɗaya ta ishe shi: ranka ya daɗe, an rattaba hannu? Idan ba a rattaba ba, a dakata. Magana zarar bunu ce.

Matsalar ke nan a ganina. Yawancin shugabannin wasanni a ƙasar nan sun ɗauki ofishin hulɗa da jama'a a matsayin ofishin banbaɗanci. Aikin mai riƙe da shi ya ɗauki hoton shugaba yana gaisawa da gwamna, ya rubuta saƙon taya murna idan an ci wasa, ya raba wa 'yan jarida kuɗin mota bayan taro. Idan abu ya ɓaci kuma, aikinsa biyu ne: ko ya ƙaryata, ko ya kashe waya.

Na taɓa zama a ofishin jami'in yaɗa labaran wata ƙungiya da ke buga gasar cikin gida, a lokacin da 'yan wasanta suka ƙi fita atisaye saboda albashin da suke bi. Daga tagar ofishin ana hango su zaune a gindin bishiya, takalman ƙwallo rataye a wuya. Wayarsa tana ta ruri a kan tebur, ya kife ta. Ya buɗe kwamfuta ya fara rubuta sanarwa cewa babu wata matsala a ƙungiyar, koci ne ya ba yara hutun kwana ɗaya. Na ce, "Yallaɓai, ga su can fa ana ganinsu." Ya ɗago ya dube ni, ya yi wani murmushin da ban manta ba, ya ce, "Malam, ni ma wata uku nake bi." Kafin la'asar ɗaya daga cikin yaran ya yi magana da wani gidan rediyo, ba tare da an faɗi sunansa ba, kuma sanarwar ta zama abin dariya a gari. Ban ga laifin mutumin sosai ba. Abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan.

Wannan salon ya yi aiki a da, lokacin da ɗan wasa ba shi da hanyar isa ga jama'a sai ta hannun ɗan jarida, shi kuma ɗan jarida yana tsoron a hana shi shiga filin wasa. Yau kowane ɗan wasa yana da gidan rediyonsa a aljihu. Victor Osimhen shi kaɗai yana da mabiya miliyoyi a Instagram, kuma mun ga abin da ya faru a Yunin 2024 da ya buɗe bidiyo kai tsaye ya saki baki a kan kocin Super Eagles na wancan lokacin, Finidi George. Hukumar da ba ta gane wannan ba kullum ihu bayan hari za ta riƙa yi.

Dubi abin da ya sami Favour Ofili a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Yarinya ta cancanci gudun mita 100, amma ba a shigar da sunanta ba. Ba hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa ce ta fito ta ce mun yi kuskure ba, ba kuma kwamitin Olamfik na Najeriya ba. Ita ce ta rubuta a shafinta, cikin ɓacin rai, kwanaki kaɗan kafin a fara tseren. Sai hukumomin biyu suka shiga nuna wa juna yatsa, wannan ta ce ta tura suna, waccan ta ce ba daga wajenta ba ne, ministan wasanni na lokacin, John Enoh, ya yi alkawarin bincike. Wannan Ofilin tana cikin 'yan wasa goma da aka hana shiga gasar Tokyo shekara uku kafin nan, saboda hukumarsu ba ta yi musu adadin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari da doka ta tanada ba. Sau biyu sakacin ofis ya cinye mata guminta. Duk da haka ta kai wasan ƙarshe a mita 200 ta zo ta shida. A duk cikin wannan dambarwa, abin da kunnen jama'a ya jira a ranar farko bai wuce jimla guda ba: laifinmu ne, muna ba ta haƙuri, ga kuma wanda zai amsa tambaya.

Maganar alawus kuwa ta zama kamar al'ada. A Disambar 2016 ƙungiyar ƙwallon mata ta ƙasa, Super Falcons, suka ciyo kofin Afirka a Yawunde, suka dawo suka ƙi barin otal ɗinsu a Abuja kusan mako biyu, har da tattaki zuwa Majalisar Tarayya, kafin a biya su. A Nuwamban 2025 Super Eagles suka ƙaurace wa atisaye a Rabat ana saura kwana biyu su kara da Gabon a wasan neman gurbin kofin duniya. Kowane karo bashin ya daɗe yana taruwa, kowa a cikin gida ya sani, amma jama'a ba sa ji sai ranar da tura ta kai bango.

Akwai masu cewa, kuma ba maganar banza ba ce, ba kowane abu ake fitarwa kasuwa ba. Ciniki da koci yana buƙatar sirri. Lafiyar ɗan wasa tasa ce, ba ta jama'a ba. Akwai kuma masu ganin ɗan wasan da ya kai ƙarar hukumarsa ga duniya ya zubar da mutuncin ƙasa. Na yarda da biyun farko ɗari bisa ɗari, hasali ma rashin riƙe sirri ne ya jawo abin kunyar Labbadia. Yin shiru a kan abin da bai nuna ba daban, faɗin abin da ba haka yake ba daban. Na ukun ne ban karɓa ba. Ɗan wasan da ya bi ofis-ofis wata shida ba a saurare shi ba, ba shi ne ya tsaga bangon ba. Shi dai ya nuna inda ya tsage.

Ranar 12 ga Yunin 2021 ɗan wasan Denmark Christian Eriksen ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Kopenhagen, ana tsakiyar wasan Denmark da Finland, miliyoyin mutane suna kallo. Abokan wasansa suka kewaye shi suka kare shi daga kyamara. Ba a jima ba hukumar ƙwallon ƙasar ta sanar a taƙaice cewa ya farfaɗo kuma yana asibiti. Washegari likitan ƙungiyar, Morten Boesen, ya zauna gaban 'yan jarida ya bayyana cewa zuciyar ɗan wasan ce ta tsaya kuma an dawo da ita da na'ura. Sun faɗi abin da suka tabbatar, sun bar abin da ba hurumin jama'a ba ne, kuma wanda ya san abin shi aka sa a gaba, ba shugaban hukuma ba. Jita-jita ba ta sami wurin zama ba. Haka kuma a Afrilun 2021, da manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka yi yunƙurin ɓallewa su kafa gasar Super League, magoya baya suka yi musu ca har shirin ya wargaje cikin kwana biyu, Arsenal ta rubuta wa magoya bayanta wasiƙa ta amsa cewa ta yi kuskure, ta nemi afuwa. Mai Liverpool, John Henry, ya fito a bidiyo da kansa ya ɗauki laifin. Ba don su waliyyai ba ne, tilas ce ta sa. Amma sun san wa suke jin tsoro. Namu shugabannin ba mai sayen tikiti suke tsoro ba, domin ba daga aljihunsa kuɗin ke fitowa ba, daga gwamnati ne. Shi ya sa sanarwarsu take fuskantar sama, ba ƙasa ba.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya: harshe. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cikin filayen da suka fi cika a gasar Najeriya idan Kano Pillars na wasa a gida, kuma mafi yawan waɗanda ke cika shi a rediyo suke jin labarin ƙungiyarsu, da Hausa. Amma idan rikici ya tashi, a ce an dakatar da wasa ko an ci tara ko an mayar da ƙungiya wani gari, hukunci yakan fito ne a doguwar takardar Turanci mai cike da lambobin sashe da sakin layi. Kafin a fassara ta, saƙon murya ya riga ya zaga WhatsApp da nasa bayanin, yawanci cewa an tsane mu ne. Minti biyar na wani jami'i a gidan rediyo, da harshen da magoya bayan Pillars, masu kirarin "Sai Masu Gida", ke ji, ya fi shafi huɗu na takarda kashe wuta.

A Janairun 2025 NFF ta sanar da naɗin Eric Chelle, tsohon kocin Mali, a matsayin kocin Super Eagles. Da daddare na leƙa gidan kallon da nake zuwa, na tambayi mai wurin ko ya ji labari. Yana ƙirga canji, bai ko ɗago kai ba. Ya ce ya ji, amma shi ba zai sake ɓata bakinsa a kan kocin takarda ba, sai ya ga mutumin da idonsa a Abuja. Da aka gabatar da Chelle ga 'yan jarida bayan kusan mako guda, na tura masa hoton a waya. Ya amsa da saƙon murya: "To, wannan dai ya iso. Saura mu ji ko za a biya shi."