Farin hayaƙin Batikan da takardar gwamna

Ranar 8 ga Mayu 2025, da la'asar sakaliya, ina tsaye a dandalin Waliyyi Bitrus na Batikan cikin cunkoson jama'a, ana jiran a ji an zaɓi sabon Fafaroma. Ni Musulmi ne, Bakano da neman abinci ya kawo Rum, amma idan gari ya tashi kallo ba a barin ka a ɗaki. Kowa ya ɗaga kai yana duban wani ɗan bututu a rufin majami'ar Sistin, tsuntsayen teku suna ta kai-komo a gefensa. Da hayaƙi ya fito fari, alamar an gama zaɓe, wata tsohuwa kusa da ni ta fashe da kuka, alhali ko sunan wanda aka zaɓa ba ta ji ba tukuna.

Ni kuwa hankalina gida ya tafi.

Tsarin nasu a taƙaice shi ne, kadinaloli, wato manyan limaman cocin Katolika, waɗanda ba su kai shekara 80 ba ne kawai ke zaɓe. A wannan karon su 133 ne, kuma sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 89. A raba su da waya, a sa su rantse, a garƙame ƙofa. Kullewar ma tana da asali: a garin Biterbo, daga 1268 zuwa 1271, kadinaloli sun yi ta jan ƙafa har mutanen gari suka gaji, suka rufe su, suka rage musu abinci, aka ce har rufin ɗakin suka yaye.

Wasu abokaina Italiyawa kan ce babu siyasa a ciki, zaɓin Allah ne. Haka mu ma muke cewa Allah ke ba da sarauta, amma mun san gidajen da ake kwana ana shiga da fita. Kafin a kulle ƙofa, kadinaloli kan shafe kwanaki suna tarurruka, kowa na auna kowa, ana cin abincin dare ƙungiya-ƙungiya. Babbar siyasar ma ta riga wannan: cikin 133 ɗin nan, 108 Fafaroma Faransis ne ya naɗa su. Wanda ya shuka gona ai ya san abin da za ta tsiro. Jaridu sun yi ta kiran sunan Kadinal Parolin, sai ga Robert Prevost, haifaffen Shikago da ya daɗe yana aiki a Peru, ya fito a zagaye na huɗu, ya zama Leo na 14. Kafin a zaɓe shi, shi ne mai kula da ofishin naɗa bishop-bishop tun 2023, saboda haka kusan kowa ya san shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da zarar ƙuri'a ta cika, magana ta ƙare, babu wani mai mulki da za a kai wa takarda ya sa hannu. Da can akwai. A 1903 Sarkin Ostiriya ya aika cewa ba ya son Kadinal Rampolla, aka zaɓi Pius na 10, shi kuma yana hawa ya haramta wannan katsalandan a 1904.

A Kano muna da Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, dattawa masu daraja, amma iyakarsu su miƙa sunaye, gwamna ya ɗauki wanda ya yi masa. A 2014 Kwankwaso ya naɗa Sanusi, a 2020 Ganduje ya tuɓe shi, a 2024 Abba ya mayar da shi, muka wayi gari da sarakuna biyu, ɗaya a Gidan Rumfa, ɗaya a Nasarawa.

Da daren nan na kira yayana na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wane gwamna ne zai yarda a kulle ƙofa yana waje?"